HAYAR MOTA TA WATA-WATA: WA KE ƊAUKAR ASARA IDAN TSAUTSAYI YA AUKU?

Laccar da aka gabatar a wurin babban taron shekara-shekara na ƙungiya



Gabatarwa

Muna miƙa godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ba mu damar tsayawa a gaban wannan taro mai albarka. Mai yiwuwa wani ya yi mamakin yadda aka jingine maganar rijiyar burtsatse da rufin azuzuwan makaranta aka ɗauko maganar mota. Dalili shi ne, kuɗin da ake haƙa rijiyar da wanda ake sayen kwanon rufin daga aljihun mazauna birni suke fitowa, saboda haka duk abin da zai huda wannan aljihu ya shafi ƙungiya kai tsaye. Samarinmu da dama a Legas da Abuja da Fatakwal da sitiyari suke ci da iyalinsu, kuma galibinsu motar da suke ja ba tasu ba ce. Haka kuma 'ya'yanmu da ke karatu ko aiki a Ingila da Amurka da ƙasashen Larabawa suna shiga yarjejeniyar mota da kamfanoni ta wayar salula, cikin 'yan mintoci, ba tare da wani babba ya duba musu ba.

Wannan lacca za ta yi bayanin abin da ake nufi da hayar mota ta wata-wata, da matsalolin da masu haya ke faɗawa ciki bayan mota ta samu rauni, da abin da doka ta tanada, sa'annan ta kawo shawarwari ga ɗaiɗaikunmu da kuma ƙungiya baki ɗaya.

Mece ce hayar wata-wata?

Hanyoyin hawa motar da mutum bai biya kuɗinta lakadan ba iri-iri ne, kuma wajibi ne a bambance su. Akwai hayar kwana ɗaya ko biyu, irin wadda matafiyi ke yi a filin jirgin sama. Akwai sayen mota ta biya kaɗan-kaɗan, inda motar ke zama ta mai biya ranar da ya kammala. Akwai kuma tsarin balas da muka daɗe da sani a tashoshinmu, inda direba ke kawo wa mai mota wani adadi kullum ko duk mako. Hayar wata-wata ta sha bamban da waɗannan duka. Mutum zai riƙa biyan kuɗi dunƙule kowane wata, kamar yadda ake biyan kuɗin kallon DStv ko StarTimes, kamfani kuma ya ba shi mota tare da alkawarin cewa inshora da sabis da rajista duk suna cikin kuɗin. Nasa kawai ya sha mai ya hau. In ya gaji ya mayar, ko ya canza wata. Ko shekara goma ya yi yana biya, ko taya ɗaya ba za ta zama tasa ba.

Manyan kamfanonin ƙera motoci ne suka yayata tsarin a shekarar 2017. A farkon shekarar Cadillac ya buɗe shirinsa mai suna Book by Cadillac a birnin New York a kan dala 1,500 a wata. Porsche ya biyo baya a birnin Atlanta da farashin dala 2,000 da 3,000. Volvo kuma ya fito da Care by Volvo, inda a Amurka ake hawa ƙirar XC40 a kan dala 600 a wata, da iyakar tafiyar mil 15,000 a shekara. BMW da Mercedes-Benz da Audi duk sun gwada nasu a 2018. Amma kasuwar ba ta yi wa yawancinsu daɗi ba. Cadillac ya dakatar da nasa a ƙarshen 2018, Mercedes-Benz ya rufe a 2020, BMW da Audi a farkon 2021, Volvo kuma ya daina a Amurka a 2024. Sana'ar ta fi zama a hannun kamfanonin da haya ce aikinsu, irin su Sixt da FINN na Jamus, da kuma Kinto na Toyota.

A nan gida tsarin ya shigo ne da rigar balas ta zamani. Kamfanin Moove, wanda Ladi Delano da Jide Odunsi suka kafa a Legas, ya riƙa ba direbobin Uber sababbin motoci suna biya daga abin da suka samu. Gwamnatin Jihar Legas ma ta ƙaddamar da shirin LagRide a watan Maris na 2022 da motoci 1,000 ƙirar GAC, waɗanda direbobi za su biya a hankali har su mallaka. Ban da waɗannan, akwai ɗimbin ƙananan kamfanoni da ɗaiɗaikun attajirai da ke ba da mota wata-wata ga ma'aikata da 'yan kasuwa. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni na shekarar, har dala ta tashi daga kimanin naira 460 ta haura 1,500 a 2024, sayen mota ya gagari mai matsakaicin albashi, haya ta zama mafita ga mutane da yawa.

Inda gizo ke saƙar

Muddin mota na lafiya, mai haya da kamfani aminan juna ne. Ba a sanin ainihin abin da aka sa wa hannu sai ranar da aka ji ƙarar ƙarfe. Mun tattara matsalolin gida bakwai.

Ta farko ita ce kason farko na asara. Kusan kowace takardar inshorar mota tana da wani adadi da kamfanin inshora ba ya biya, sai abin da ya haura shi. Kamfanin haya kan ɗora wannan kaso a wuyan mai haya. A shirin Care by Volvo na Amurka, alal misali, kason ya kasance dala 500 a lokacin da shirin ke aiki. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, ana biyan kason ne a kan kowane haɗari daban. Wanda aka goga wa ƙofa ranar Litinin, aka fasa wa fitila ranar Alhamis, sau biyu zai biya. Kuma sau da yawa ana karɓar kason ko da laifin na wani ne, a ce za a mayar idan an ƙwato daga inshorar wancan, abin da kan ɗauki watanni, ko ma ya bi ruwa idan wanda ya yi ɓarnar ya tsere.

Ta biyu ita ce bambance tsufa da ɓarna. Duk motar da ake hawa dole ta ci jiki: taya ta suɗe, fenti ya dushe, tsakuwa ta bar tabo. Wannan tsufa ne na al'ada, kuma kuɗin hayar da ake biya shi ne ladansa. To amma ina iyakar tsufa, ina mafarin ɓarna? A Birtaniya ƙungiyar kamfanonin hayar motoci, wato BVRLA, ta fitar da rubutaccen ma'auni, inda ta ce ƙarzuwar da ba ta wuce milimita 25 ba, wadda kuma ba ta tono ƙarfe ba, tsufa ce. Mai haya a can zai iya ɗaukar abin awo ya auna da kansa. Idan yarjejeniya ba ta ƙunshi irin wannan ma'auni ba, to idon ma'aikacin kamfani shi ne ma'auni, shi ne mai ƙara, shi ne alƙali.

Ta uku ita ce tsohon tabo. A ranar karɓar mota zumuɗi kan hana mutum zagaya ta da kyau, a ranar mayarwa kuma sai a nuna masa lotsawar da ya gada daga wanda ya riga shi. Wannan ba zato ba ne. A shekarar 2016 hukumar kare masu saye ta Ostireliya, ACCC, ta sa reshen kamfanin Hertz na ƙasar ya mayar wa mutane kuɗin da ya caje su a kan raunin da ke jikin motoci tun kafin su karɓa. A 2015 kuma manyan kamfanonin haya biyar, wato Avis-Budget da Enterprise da Europcar da Hertz da Sixt, sun yi wa hukumomin Tarayyar Turai alkawarin gyara ayyukansu, ciki har da bai wa mai haya damar musanta ɓarna kafin a cire masa kuɗi. Zamani ya ƙara kawo sabon salo: a 2025 Hertz ya fara kafa na'urorin ɗaukar hoto masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, na kamfanin UVeye, a filin jirgin saman Atlanta, waɗanda ke gano tabon da ido ba ya kulawa da shi. Jaridun Amurka sun ba da labarin wanda aka nemi dala 440 a hannunsa saboda ƙarzuwar da ba ta wuce inci ɗaya ba a jikin wili, kuma dala 250 ne kawai kuɗin gyaran, sauran 190 na ɗawainiya ne.

Wannan ya kai mu ga matsala ta huɗu, wato kuɗaɗen da ke bin bayan gyara. Akwai kuɗin zaman mota, wato abin da kamfani ke cewa ya yi asara na kwanakin da motar ta yi a gareji. Akwai kuɗin faɗuwar daraja, domin motar da ta taɓa haɗari ba ta sayuwa kamar wadda ba ta taɓa ba. Akwai kuɗin janwe, da na mai kimanta ɓarna, da na ɗawainiyar ofis. Bari mu buga misali na ƙiyasi domin a fahimta. A ɗauka wani yana biyan naira 600,000 a wata, wato 20,000 ke nan a kullum. Aka daki motar ta baya, bamba da but suka lotse, ta yi kwana 21 wajen fanalbita da mai fenti. Aka nemi kason farko 250,000, kuɗin ɗawainiya 30,000, da kuɗin zaman mota 420,000. Jimla 700,000. A waɗannan kwanaki kuma hayarsa ba ta tsaya ba, ya biya wata 420,000 ta motar da ba ya hawa. Asararsa ta kai naira 1,120,000, ban da kuɗin motar haya da ya riƙa shiga zuwa aiki. A lura da kyau: idan hayar wata na ci gaba da gudana, to kamfani bai rasa kuɗin ko kwana ɗaya ba, don haka karɓar kuɗin zaman mota a kan haka cin tudu biyu ne, kuma mai haya na da hujjar ƙin amincewa.

Ta biyar, wadda ta fi shafar mu saboda al'adarmu ta zumunci, ita ce abubuwan da ke warware inshora baki ɗaya. Mu mutane ne da ƙani kan ɗauki makulli a kan tebur ya ce zai kai Inna asibiti, aboki ya ari mota domin ɗaukar amarya. A yarjejeniyar haya, wanda aka rubuta sunansa ne kaɗai ke da izinin tuƙi. Idan haɗari ya auku a hannun wani, kamfanin inshora na iya zame jikinsa, a bar mai haya da kuɗin motar ɗungurungum. Haka abin yake ga wanda ya ɗauki motar shiga ya koma yin kabu-kabu da ita da yamma, domin inshorar motar gida daban take da ta motar haya. Haka wanda ya tsallaka iyaka zuwa Maraɗi ko Kwatano ba da rubutaccen izini ba, ko ya yi tuƙi da lasisin da ya ƙare. Ruwa ma babbar masifa ce. A wasu takardun inshora ambaliya da tarzoma ba sa ciki sai an biya ƙari, kuma wanda ya kutsa cikin ruwan da ya shafe hanya har inji ya sha ruwa ya buga, ana iya ɗaukarsa a matsayin mai ganganci. Mazauna Lekki sun san wannan kowace damina, kuma ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba na 2024 ta nuna cewa Arewa ma ba ta tsira ba. Na ƙarshe a wannan jeri shi ne gyaran ɓoye. Mutum ya ji tsoron caji, ya sayo fitila a Ladipo ko Apo ko Ƙofar Ruwa ko Panteka, ya kai wa bakanikensa. Ranar da aka gano, ya saɓa yarjejeniya, zai biya gyara na biyu, kuma ya zubar da hujjarsa.

Ta shida ita ce ƙarfin da kamfani ke da shi a kan mai haya. Lambar katin bankinsa na hannunsu, kuɗin ajiyarsa na hannunsu, kuma yawancin motocin na ɗauke da na'urar bibiya, wasu har ana iya hana su tashi daga nesa. Saboda haka kamfani ba ya buƙatar zuwa kotu: zai cire kuɗinsa tukuna, mai haya ne zai yi ta sintiri yana neman a mayar masa. Wani lokaci abin kan wuce kuɗi ya kai ga mutunci. A watan Disamba na 2022 Hertz ya amince ya biya dala miliyan 168 domin sasanta ƙorafe-ƙorafe 364 na mutanen da aka kai rahoton cewa sun saci motocin da suka ɗauka haya bisa ƙa'ida, waɗanda wasunsu har sun kwana a tsare. Idan haka ta faru a ƙasar da lauyoyi suka yi yawa, sai mu ƙiyasta halin da yaronmu zai shiga idan mai mota ya kai shi caji ofis a kan rikicin gyara.

Ta bakwai ita ce rushewar kamfanin kansa. Kamfanin Onto na Birtaniya, mai ba da hayar motocin lantarki wata-wata, ya durƙushe a watan Satumba na 2023 har aka miƙa shi ga masu kula da dukiyar kamfanonin da bashi ya ci. Wanda ke bin kamfani kuɗin ajiya, ko kason farko da aka yi alkawarin mayarwa, idan kamfanin ya faɗi sai ya shiga layin masu bin bashi, kuma a ƙarshen layin yake.

Kalmar "akwai inshora"

Ya kamata mu tsaya kaɗan a kan wannan kalma, domin ta yaudari mutane da yawa. Inshorar mota iri biyu ce manya. Akwai ta dole, wadda ke biyan ɓarnar da direba ya yi wa wani. Daga 1 ga Janairu, 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, maimakon 5,000, tana kuma biyan ɓarnar dukiyar wani har zuwa naira miliyan 3. 'Yan sanda sun fara tsananta binciken wannan takarda daga 1 ga Fabrairu, 2025. Amma wannan inshora ba ta biyan ko sisi a kan motar da mutum ke ciki. Wadda ke biyan wannan ita ce cikakkiyar inshora, kuma a sanarwar da ta ƙara kuɗin, hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Motar naira miliyan 20 ke nan za ta ci miliyan 1 a shekara. Tazarar da ke tsakanin 15,000 da miliyan 1 ita ke sa ƙaramin mai ba da haya ya yanki ta dole, ya ce wa mai haya akwai inshora, kuma bai yi ƙarya ba. Sai ranar tsautsayi gaskiya ta yi halinta.

Ko da cikakkiya ce, akwai sauran rina a kaba. Kamfanin inshora ba ya biyan fiye da darajar da aka rubuta a takarda. Motar da aka yi wa inshora da tsohon farashi, sa'annan naira ta faɗi, idan ta tashi daga aiki kuɗin da za a biya ba zai sayi irinta ba, kuma wasu yarjejeniyoyi kan ce mai haya ne zai cike giɓin. Ana iya tantance sahihancin inshorar kowace mota ta rumbun bayanan kamfanonin inshora na ƙasa, wato NIID, da lambar motar kawai. Ga wanda ke son tsarin da ya dace da shari'ar Musulunci, akwai takaful, wanda kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful ke gudanarwa.

Abin da doka ta tanada

Mai haya ba maraya ba ne a gaban doka. Dokar kare masu saye da tabbatar da gasa ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba kowa haƙƙin samun bayani da harshe mai sauƙin fahimta a sashe na 114. Sashe na 127 ya haramta sharuɗɗan yarjejeniya na zalunci ko na rashin adalci, sashe na 128 kuma ya wajabta a jawo hankalin mutum a fili ga duk sharaɗin da ke ɗora masa asara ko ke sauke wa kamfani alhaki. Saboda haka sharaɗin da aka ɓoye da ƙananan baƙaƙe a shafi na goma sha wani abu ana iya ƙalubalantarsa.

Ga masu sayen mota ko Keke Napep ta biya kaɗan-kaɗan, dokar 1965 da ke kula da wannan ciniki ta ce idan mutum ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin abin hawa, mai shi ba zai raba shi da shi ba sai ta hanyar kotu, ko da yake ta ba shi damar ɗauke motar ya adana kafin shari'a idan biya uku ko fiye suka taru. Mai hayar wata-wata ba shi da wannan kariya, domin shi ba saye yake ba. Shi ya sa ya zama dole direba ya san sunan takardar da ke hannunsa: ta haya ce, ko ta saye? Game da wurin kai ƙara, Jihar Legas ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2018, waɗanda suka fara da ƙarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, kuma ba dole sai da lauya ba. Kano da wasu jihohi sun bi sahu. Akwai kuma zaurukan sulhu na manyan kotuna a Legas da Abuja da Kano.

Malaman fiƙihu ma sun daɗe da warware tushen wannan mas'ala a babin ijara. Abin da aka ba mutum haya amana ce a hannunsa, ba ya lamunin lalacewarsa sai idan ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, a kan wannan ta gina ƙa'idarta ta ijara, inda ta ɗora manyan gyare-gyare da kuɗin inshora a kan mai kaya. Wannan tunatarwa ce ga 'yan'uwanmu masu hali da ke ba yaran garinmu motoci: tsautsayin da babu sakaci a cikinsa ba daidai ba ne a jibga shi duka a kan direba. Tunatarwa ce kuma ga direba, cewa gudun wuce sa'a da duba waya a kan sitiyari cin amana ne.

Shawarwari

Kafin sa hannu, a nemi yarjejeniyar a tafi da ita gida a karanta, ko a kai wa wanda ya san doka, domin matambayi ba ya ɓata. A nemi amsar tambayoyi shida a rubuce: wace irin inshora ce, kuma wane kamfani ne ya bayar? Nawa ne kason farko? Shin haya na tsayawa idan mota na gareji, ko za a ba da wata? Wa da wa ke da izinin tuƙi? Mene ne ma'aunin tsufa da ɓarna? Idan mota ta tashi daga aiki ko aka sace ta, mene ne mafi yawan abin da za a nema a hannun mai haya? Kamfanin da ya ƙi amsa waɗannan a rubuce ya riga ya amsa.

Ranar karɓa, a duba motar da rana tsaka, a wanke take, ba da almuru ko cikin ruwan sama ba. A ɗauki bidiyonta daga kowane ɓangare, har da rufi da wili da gilashi da kujeru da lambar kilomita da safaya. A rubuta kowane tabo a takardar miƙawa, ɓangarorin biyu su sa hannu, a aika wa kamfani hotunan a ranar domin kwanan wata ya zama shaida.

Ranar tsautsayi, bayan an kula da lafiyar mutane, a ɗauki hoto kafin a gusar da motoci, a karɓi lambar ɗaya motar da bayanin inshorarta da lambar wayar shaidu. A sanar da 'yan sanda ko jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, a karɓi rahoto. A sanar da kamfani nan take a rubuce, domin yawancin yarjejeniyoyi na da ɗan gajeren wa'adin sanarwa. Kada a yi sulhun bakin titi, kada a amsa laifi a rubuce, kada kuma a kai gyara ba da izini ba. Idan takardar caji ta zo, a nemi hoton ɓarnar da rasidin gareji dalla-dalla, a kwatanta da ƙiyasin wani gareji mai zaman kansa. Ranar mayarwa kuma, kada a ajiye makulli a juya. A tsaya a duba tare, a karɓi takardar sallama.

Ga ƙungiya, muna ba da shawara uku. Na ɗaya, kowane reshe ya ware lauya ko ma'aikacin inshora daga cikin membobinsa da zai riƙa duba wa 'yan'uwa yarjejeniya kyauta kafin su sa hannu. Na biyu, dattawanmu su yi hattara da tsaya wa mutum. Mai tsayawa ba shaidar hali kawai yake bayarwa ba, bashin yake ɗauka, kuma idan direba ya gaza ƙofarsa za a ƙwanƙwasa. A nemi a rubuta iyakar abin da aka tsaya a kai. Na uku, direbobinmu na kowane birni su kafa asusun gudunmawa, kowa ya riƙa zuba ɗan abu duk mako, wanda za a riƙa biyan kason farko da shi idan ɗayansu ya gamu da tsautsayi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kammalawa

Ba muna cewa hayar wata-wata abar gudu ba ce. Ga ma'aikacin da aka tura wani gari na wata shida, ko ɗalibin da zai yi shekara guda a ƙasar waje, ko saurayin da ba shi da jarin sayen mota, tana iya zama alheri. Abin da muke cewa shi ne, farashin da ke jikin talla farashin kwanakin lafiya ne, na ranar tsautsayi kuma yana cikin yarjejeniya, kuma da shi ya kamata a yi lissafi tun ran gini, tun ran zane. Magabata sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya san motar da ke ƙarƙashinsa ta wani ce, ya san iyakar abin da ke wuyansa, ya kuma adana shaidarsa, shi ne zai mayar da ita da mutuncinsa da aljihunsa. Muna roƙon shugabannin rassa su isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su samu halarta ba, musamman matasa, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya kare mu daga tsautsayi da asara, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya ƙara wa ƙungiyarmu haɗin kai, Ya ɗaukaka garinmu.